Fil Mai Jan Kai

Tun daga ƙasan bene warin yake tarar mutum. Warin fomalin ne, maganin da ake jiƙa gawa da shi don kada ta ruɓe, kuma duk ɗalibin likitanci da ya kai aji biyu ya saba da shi kamar warin ɗakinsu. Wasu har burodi suke ci a bakin ƙofar ɗakin fiɗa. Auta ma a da haka take. Amma tun da ta dawo daga rasuwar mahaifinta, sau ɗaya ƙafarta ta wuce matakalar ƙarshe.

A teburinsu akwai gawar wani dattijo siriri da aka naɗe fuskarsa da ƙyalle. 'Yan teburin suna kiransa Malam Shiru. Ranar da ta dawo ana kan darasin hannu. Wani ɗan ajinsu mai son a san da shi ya sa hantsaki ya kamo agara guda a wuyan hannun, irin igiyar nan da ke haɗa tsoka da yatsa, ya ja don ya nuna musu aikinta. Yatsun gawar suka lanƙwashe a hankali, suka damƙi gefen zanen da aka rufe ta da shi. Aka yi dariya. Auta ta ajiye nata hantsakin, ta sauka, ta yi amai a bayan ginin.

Mahaifinta tela ne. Mutum ne da ko a cikin gidansa ba a taɓa ganinsa da singileti ba. A asibiti kuwa kullum sai an yaye masa zane, likita a gaba, ɗalibai a baya suna leƙe, kamar yadda ita ma take leƙen iyayen wasu. Da bakinsa ya daina aiki, hannunsa bai daina ba. Yatsun za su lallaɓa su kamo gefen zanen, su ja, ƙarfin ya ƙare a hanya. Ita ce take ƙarasa masa.

To, abin da ta gani ke nan a teburin. Ba ta gaya wa kowa ba.

Shugaban sashe ya kira ta, ya yi mata ta'aziyya a tsaye, sannan ya gaya mata abin da ta riga ta sani. Wanda ya faɗi jarrabawar ɗakin fiɗa ya faɗi darasin duka, ko da ya cinye ta rubutu. Ita kuma da rashin zuwan da ta tara, ba maimaici a gabanta. Za a mayar da ita wani sashen ne.

Safiyar jarrabawar ta idar da sallah, ta naɗe darduma, ta zauna a bakin gado da littafin zane-zanen jiki a cinya. Ta san abin da ke ciki. A takarda jijiya ruwan ɗorawa ce, agara fara, komai da layinsa da sunansa. A takarda babu abin da ke motsi.

Abokiyar ɗakinta, wadda kowa ke kira 'Yar Fasto, tana gugar farar rigarta tana rera waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa. Ta katse waƙar.

"Ke, in tambaye ki mana. Kun yi faɗa ne?"

"Da wa?"

'Yar Fasto ta nuna rufin ɗakin da dutsen guga.

"A'uzubillahi. Bakinki zai kai ki wuta."

"Ai wutar ce a hannuna. Da, in kika hau dardumar nan, sai in yi wanka, in shafa mai, in yi faɗa da saurayina a waya, in dawo, hannunki na sama. Yanzu kafin in nemo takalmi ɗaya kin naɗe."

"Ina sallata."

"Ban ce ba kya yi ba. Na dai ce ku shirya."

Gaskiya ne, sallah ba ta bari ba. Tana yin ta kan lokaci, kamar mai shan maganin da aka rubuta mata. Roƙo ne ta daina. A barandar asibiti ta roƙi abu guda, da duk abin da take da shi, goshinta a ƙasa, har siminti ya yi mata tabo. Tana ɗagowa ta ga yayanta a tsaye ya cire hula ya rasa inda zai sa ta. Ba wai ta yi fushi ba ne, ta san wannan ba hurumin bawa ba ne. Kawai in ta buɗe tafin hannunta sai ta ji bakinta ya bushe, kamar wadda ta je gidan da aka taɓa ce mata a'a.

"Ni fa na daina roƙon in ci jarrabawa," in ji 'Yar Fasto, tana juya hannun rigar. "Tun aji ɗaya, da na ga yaran da ba su san hanyar coci ba suna fin ni maki. Yanzu abin da nake cewa, Ubangiji, kada in suma, in kuma zan suma, kada ya zama a gaban Farfesa Ba-Ƙari. Kuma wallahi Yana amsawa."

"Ke ma wallahi?"

"Zama da ke ne. Tashi ki sha shayin nan, kin zama kamar abin rataye riga."

Auta ta kai kofin baki, ta ajiye. Wayarta ta yi ƙara. Umma ce.

"Auta, kin tashi? Yau ce ko?"

"Yau ce, Umma."

"Na gaya wa matan layinmu duka, kowa na yi miki addu'a. Har mai kantin nan da ba ya gaisuwa." Umma ba ta san 'yarta ta daina shiga ɗakin fiɗa ba. "Kin sa rigar?"

Rigar tana rataye a ƙofa. Farar rigar aiki ce, ɗinkin Baba na ƙarshe, da manyan aljihu biyu, don ya ce likita ba ya rasa tarkace. Yanzu ta yi mata yawa a kafaɗa.

"Zan sa. Umma, hannuna rawa yake."

"To sai me? Gado kika yi."

"Gadon wa?"

"Na ubanki mana. Duk ranar da aka kawo masa yadi mai tsada, hannun nan kamar na mai zazzaɓi. Tun ina amarya har ya tsufa bai bari ba."

"Ban taɓa gani ba."

"Ina za ki gani, kina ƙarƙashin tebur kina tsintar fil? Sai ya kafa ƙaramin yatsansa a kan teburin, ya yi bisimilla, ya yanka da rawar a haka. Ni dai ban ji wanda ya dawo da riga ba. Ki ci wani abu. Ga yayanki yana cewa keken ɗinkin ya ƙi shi, zare sai tsinkewa yake, ni ban san abin da zan ce masa ba."

Ta kashe kafin Auta ta ce komai. Umma ba ta iya sallama a waya ba.

Ɗalibai suna kiran jarrabawar tseren ƙararrawa. Ana jera tebura a zagaye, a kowanne an soka fil a wani abu, ƙashi ko tsoka ko jijiya, ga 'yar tambaya a kati. Ka duba, ka rubuta, ƙararrawa ta buga, ka matsa gaba, ko ka gama ko ba ka gama ba. Farfesar da ke riƙe da ƙararrawar, wata dattijuwa gajera mai tabarau a goshi, ba a taɓa jin ta ƙara wa wani ko numfashi ɗaya ba. Daga nan ta samo sunanta, Ba-Ƙari.

Sun yi layi a kan benen, fararen riguna har ƙasa. Wani yana jan carbi a aljihu, ana jin ƙas-ƙas ɗinsa. Wata ta rufe ido tana lissafa ƙasusuwan wuyan hannu a yatsunta. Yaron nan mai son a san da shi yana gaya wa na kusa da shi cewa shi ko littafi bai buɗe ba, alhali idonsa ya yi ja wur. 'Yar Fasto tana bayan Auta, ta dafa mata baya da biro.

"In kika juya, da biron nan zan soke ki."

Da kowace ƙararrawa layin yana hawa. Warin yana ƙaruwa. Auta ta ji shi a harshenta, ta ji zufa na bin bayanta a ƙarƙashin rigar. Ta fara lissafin yadda za ta gaya wa Umma. A waya ko sai ta je? Matan layi fa? Ta ga kanta a wani sashen, tana haɗuwa da 'yan ajinsu a hanya suna yi mata gaisuwar tausayi. Ta ga rigar a ƙasan akwati.

Ba-Ƙari ta leƙo daga ƙofa.

"Na faɗa wa na gabanku, zan faɗa muku. Ido ne naku, hannu ba naku ba. Wanda ya taɓa wani abu a ɗakin nan, ya ajiye takardarsa ya gaishe da mutanen gida. Mai bi."

Auta ce mai bi. Biron ya tokare ta. Ta taka matakalar ƙarshe.

Teburan farko na ƙasusuwa ne, busassu, masu tsabta. Ta rubuta. Rubutun ya fita a karkace, amma ya fita. Sai zuciya a cikin kwalba, sai huhu a faranti. Ta hana idonta zuwa can ƙarshen ɗakin, inda dogayen teburan ƙarfe suke a ƙarƙashin fanka. Amma ƙararrawar can take kora ta, tebur bayan tebur, kamar akuyar da ake ja kasuwa.

Gawa ta farko ƙafa kawai aka buɗe. Ta riƙe numfashi, ta duba, ta rubuta wani abu da ita kanta ba ta tabbata ba. Ƙararrawa.

Malam Shiru ne.

Hannun yana miƙe a gefensa, tafin yana kallon sama. Fil mai jan kai yana tsaye a wuyan hannun, a jikin wani zare mai dishi-dishi da ke kwance tsakanin agarori masu sheƙi. Ta gane shi nan take, jijiyar da ke kai ji ga babban yatsa da maƙwabtansa. Irin fil ɗin shagon Baba ne sak. Ta ɗora biro a takarda.

Sai idonta ya sauka ƙasa kaɗan. Zanen da aka rufe tsakiyar jikin da shi ya zame, ko iskar fanka ce, ko gogar rigunan masu wucewa. Fuskar dattijon a naɗe, amma tsiraicinsa a waje.

Ba ta yi shawara ba. Hannunta ne ya tafi, kamar yadda ya saba tafiya a asibiti. Ta kamo gefen zanen ta ja shi sama, ta daidaita. Bakin zanen ya shafi wuyan hannun. Fil ɗin ya yi tsalle, ya buga ƙarfen teburin, ya faɗi ƙasa.

"Ke! Ke mai teburin can!" Wani ƙaramin malami ne mai sa ido, ya taho da sauri. "Ta taɓa, Farfesa. Ta cire fil."

Ba-Ƙari ta kife tafinta a kan ƙararrawar. Ba a taɓa tsayar da tseren ba. Ɗakin ya yi tsit, sai fanka.

"Kowa ya ajiye biro, ya juya ya kalli bango."

Fararen riguna suka juya. Takun takalminta ya taho ba gaggawa. Ta tsaya, ta sauko da tabarau daga goshi, ta dubi Auta daga sama har ƙasa.

"Ke ce wadda ba ta zuwa."

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Me na ce a bakin ƙofa?"

"Kada a taɓa."

"Me kika yi?"

"Na rufe shi."

"Sanyi ya ce miki yana ji?"

Wani ya yi tari a bango don ya haɗiye dariya.

"A buɗe yake, ranki ya daɗe."

Ba-Ƙari ta dubi zanen. Ta daɗe tana dubansa.

"Kin san abin da ake ɗauka in ɗalibi ya cire fil? Ana ɗauka ya ga amsa, yana so na bayansa su rasa. Doka ta ce in karɓi takardarki." Ta miƙa hannu, ƙaramin malamin ya ɗora mata safar hannu da hantsaki. Ta miƙa wa Auta. "Kin ga inda yake kafin ki yi aikin alherinki?"

"Na gani."

"To nemo shi ki mayar. In kika soka shi a inda yake, na yarda kuskure ne. In kika soka shi a wani wuri, ko kika tsaya yi min kuka, ga ƙofa can."

Ƙaramin malamin ya fara dube-dube a ƙasa yana jan ƙafa. Auta ta durƙusa, ta kwantar da kuncinta kusa da siminti, ta kalli wajen hasken taga. Haka ake neman fil, duk 'yar tela ta sani. Ga shi can a gindin ƙafar tebur, da 'yar inuwarsa. Ta ɗauko.

Safar ta ƙi shiga saboda zufa. Da ta shiga, ta matso, sai ta ga abin da zanen ya yi. Ya ture agarorin, sun hau kan jijiyar sun rufe ta. Ba yadda za a kai gare ta sai an ɗaga su. In kuwa aka ɗaga su, ta san abin da yatsun za su yi.

Hantsakin yana kaɗawa a hannunta har yana ƙara. Ƙofar tana nan a hagu, a buɗe, ana ganin hasken benen. Taku kaɗan ne. Yawu ya cika mata baki.

Ba ta ɗaga hannu ba, hannun yana da aiki. Ba ta kuma nemi ta ci jarrabawa ba, ko ta zama likita, ko a dawo mata da abin da aka ɗauka. A cikin ranta ta ce, ya Allah, kada in gudu. Iyakar abin da ta iya ke nan, kuma bakinta bai bushe ba.

Ta sunkuya. "Salamu alaikum, Baba," ta ce a hankali. "Ka yi haƙuri, zan taɓa ka."

"Da wa kike magana?" in ji ƙaramin malamin.

"Ba da kai ba," in ji Ba-Ƙari.

Auta ta kafa ƙaramin yatsanta a kan ƙarfen teburin. Rawar ba ta tafi ba, ta dai samu wurin jingina. Ta yi bisimilla, ta sa hantsakin a ƙarƙashin agara ta farko, ta ɗaga.

Yatsan tsakiya ya lanƙwashe. Na kusa da shi ya biyo. Suka taɓo gefen zanen.

Ta tsaya tana kallonsu. Ɗakin ya yi nisa, ƙarar fankar ta koma kamar daga wani gida. Ta jira ƙafafunta su ɗauke ta. Ba su ɗauke ta ba. Hannun wani dattijo ne da ba ta san sunansa ba, mai kantar aiki a gindin yatsu, da tsohon tabo a babban yatsa. Ba hannun tela ba ne. Kuma a rufe yake, ta riga ta rufe shi.

Ta kawar da agarar gefe. Ga jijiyar a kwance, ba sheƙi, da 'yan layuka a jikinta kamar zaren da aka murɗa. Ta soka fil ɗin. Ya ɗan karkata. Ta gyara shi ya tsaya, ta saki agarar a hankali, yatsun suka koma yadda suke.

Ba-Ƙari ta sunkuya ta duba, ta miƙe, ta mayar da tabarau goshi.

"Wannan tambayar ba ki da makinta, ko kin rubuta. Ɗauki takardarki." Ta ɗaga murya. "Ku juyo. Wanda ya leƙa, Allah ya gan shi, ni ma na gan shi."

Ƙararrawa ta buga. Auta ta matsa gaba. A bayanta ta ji 'Yar Fasto ta iso teburin tana huci, tana cewa ƙasa-ƙasa, "Yesu, Yesu, yarinyar nan za ta kashe ni."

Sauran teburan ta bi su da ƙafafu kamar na aro. Wasu ta sani, wasu ta bar wurin fari. A ƙofar fita ƙaramin malamin ya karɓi takardarta ya haɗa da na kowa. Ba-Ƙari ta yi magana ba tare da ta dube ta ba.

"Sati mai zuwa za a fara darasin fiɗar wuya. Tunda ke ce mai kunyar mutanen ɗakin nan, daga yau in an tashi, ke za ki bi su ki rufe. Duka. In na zo na ga ko yatsa a waje, ni da ke ne."

"To, ranki ya daɗe."

Ta sauka, ta zaga bayan ginin, ta yi aman da take riƙe da shi. Ta wanke baki a famfo, ta yi alwala a nan. Ko da sabulu warin bai bar hannunta ba.

Sakamakon da ya fito bayan kwanaki ya nuna ta haye da ƙyar, sunanta a can ƙasa, dab da layin da aka ja. Amma a ranar ba ta san haka ba. Ta shiga ɗan masallacin mata da ke bayan ɗakin karatu ta yi azahar. 'Yar Fasto ta zauna a kan dakalin waje tana gadin takalma da fararen riguna biyu. Ta gama duba wayarta, ta kira saurayinta suka yi faɗa suka shirya, ta leƙa ta taga, ta dawo ta zauna.

Da ta gaji ta ƙwanƙwasa gilashin da biro.

"Ke Auta! Na ce ku shirya, ban ce ki tare a can ba. Yunwa nake ji."